Sharhi: Rawar Da Funfunar Dajin Amazon Ke Takawa Wajen Haɗa Gajimare

A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi karo na 30, wanda aka gudanar a birnin Belem na ƙasar Brazil a watan Nuwamban 2025, mafi yawan maganar da aka yi kan dazuzzuka ta tsaya ne a kan abu biyu: yawan iskar kabon da itatuwa ke haɗiyewa, da kuɗin da za a biya ƙasashen da suka bar dazuzzukansu a tsaye. Sai dai akwai wani aiki da dajin Amazon ke yi wanda ba kasafai ake sa shi cikin wannan lissafi ba, kuma halittun da ke da hannu a cikinsa ba su da farin jini ko kaɗan. Su ne funfuna da laimar kwaɗi da sauran danginsu da ke tsirowa a kan ruɓaɓɓen ganye da kututture.

Domin fahimtar lamarin, sai an fara da yadda gajimare ke haɗuwa. Tururin ruwa da ke cikin iska ba ya rikiɗa ya zama ɗigo haka kawai, sai ya samu wani ɗan ɓurɓushi da zai taru a jikinsa. A birane da yankunan masana'antu, hayaƙi da ƙura ne ke samar da wannan ɓurɓushi, har ma ya yi yawa. A tsakiyar Amazon kuwa, a lokacin damina, iskar tana daga cikin mafi tsabta a doron ƙasa. Wani bincike da masana daga Cibiyar Max Planck ta Jamus da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Science a 2010 ya nuna cewa ɓurɓushin da ke cikin iskar wurin kusan ɗari biyu ne kacal a cikin sararin da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, wato sentimita ɗaya ta kowace fuska, kuma mafi yawansa dajin ne da kansa ya samar da shi.

Funfuna da danginta ba su da fure, ba su da 'ya'ya. Suna yaɗuwa ne ta hanyar wasu ƙwayoyin iri masu tsananin ƙanƙanta, waɗanda sai an jera goma ko fiye kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Yadda laimar kwaɗi ke sakin waɗannan ƙwayoyi abin mamaki ne. A jikin kowace ƙwaya akwai wani nau'in sukari mai janyo laima daga iska, har wani ɗan ɗigon ruwa ya taru a gindinta. Da zarar ɗigon ya haɗu da ruwan da ke lulluɓe da jikin ƙwayar, sai nauyin ya karkata farat ɗaya, ƙwayar ta yi tsalle ta bar mahaifiyarta. Masana na kiran wannan ɗigo da sunan Reginald Buller, masanin tsirrai da ya yi aiki a Jami'ar Manitoba ta Kanada a farkon ƙarni na 20. Tunda laima ce ke tayar da wannan harbi, ya fi yawa da daddare da kuma bayan an yi ruwa.

Yawan abin ba ƙarami ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2007, bisa awon da aka yi a Balbina ta Brazil a 2001, ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin irin funfuna su ne kusan kashi 25 cikin ɗari na manyan ɓurɓushin iskar dajin da rana, kusan kashi 45 da daddare. Nazarin ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake saki a duniya baki ɗaya yana kai tan miliyan 50 a shekara.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne gishirin da ke tafiya tare da su. A 2012 Christopher Pöhlker da abokan aikinsa suka gano cewa ƙananan ɓurɓushin dajin suna ɗauke da ƙwayar gishirin fotasiyam a tsakiyarsu, sinadarin da ake samu a cikin toka. Da an ga fotasiyam a iska, a da, hayaƙin gobara ake zargi. Amma an ɗauki waɗannan samfura ne a lokacin da babu gobara, lamarin da ya sa masanan suka karkata ga cewa halittun dajin ne, musamman funfuna, ke fesa shi. A kan wannan ƙwayar gishiri ce tururin da itatuwa ke fitarwa yake daskarewa, har ɓurɓushin ya girma ya isa ya riƙe ruwa. Haka kuma a 2018 wani bincike a mujallar Nature Communications ya nuna cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ɓurɓushin gishirin sodiyam da ke tsakiyar Amazon a damina daga ƙwayoyin funfuna yake, alhali an daɗe ana ɗauka daga Tekun Atlantika iska ke kwaso shi duka. An kuma lura cewa ƙwayoyin kan kumbura su fashe idan laima ta yi yawa, kowace ɗaya ta tarwatse zuwa gutsattsari masu yawa.

A nan ya kamata a yi hattara, domin wasu kanun labarai sun yi gaggawar cewa laimar kwaɗi ce ke kawo ruwan sama. Ruwan Amazon daga teku yake zuwa, da kuma tururin da itatuwa ke mayarwa sama ta ganyensu. Abin da funfuna ke bayarwa shi ne wani ɓangare na ginshiƙin da ɗigon ke tsayawa a kai. Amma a wurin da ɓurɓushi ya yi ƙaranci, ƙaramin canji a yawansa ko girmansa yana iya sauya yadda gajimare ke zubar da ruwa.

Wannan ne ya sa gobarar daji ke yin ɓarna ta fuska biyu. Tana ƙona shimfiɗar ganyen da funfuna ke rayuwa a ciki, sannan tana cika sama da hayaƙi. Binciken da Meinrat Andreae ya jagoranta, wanda ya fito a 2004, ya nuna cewa idan hayaƙi ya yi yawa, tururin kan rarrabu a kan ɓurɓushi barkatai, ɗigon ya zama ƙanana ainun, saukar ruwan ta jinkirta. A watan Oktoban 2023 Kogin Negro a birnin Manaus ya ja baya zuwa matakin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara awo a 1902, kuma a 2024 ya sake sauka ƙasa da haka. Tun a 2018 masana biyu, Thomas Lovejoy da Carlos Nobre, suka yi gargaɗin cewa idan sare dajin ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, wani babban sashe nasa zai iya rikiɗewa ya koma fili mai ciyawa da tsirarun itatuwa.

Akwai wata alaƙa da ta shafi wannan yanki namu kai tsaye. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda hazon hunturu da ke lulluɓe Maiduguri da Kano yake tasowa, yana cikin wuraren da ƙurarsu ke ƙetare teku. Masanan hukumar NASA sun ƙiyasta a 2015 cewa kimanin tan miliyan 27.7 na ƙurar Sahara ke sauka a Amazon duk shekara, ɗauke da kusan tan 22,000 na sinadarin fosfaras da ƙasar dajin ke matuƙar buƙata. A cikin gajimaren Amazon, wannan ƙura tana haɗuwa da ɓurɓushin halittun dajin wajen samar da ƙwayoyin ƙanƙara a can sama inda sanyi ya tsananta.

Domin bin diddigin wannan cuɗanya ne Brazil da Jamus suka gina hasumiyar ATTO mai tsawon mita 325, kimanin kilomita 150 arewa maso gabashin Manaus, aka buɗe ta a 2015. Na'urorinta suna auna iska tun daga ƙarƙashin itatuwa har can sama da su. Asusun dazuzzuka da Brazil ta ƙaddamar a Belem, wanda ke fatan tara dala biliyan 125, zai dogara ne da hotunan tauraron ɗan'adam wajen ƙidayar kadadar dajin da ke tsaye. Tauraron yana ganin rumfar ganyen da ke sama, amma dajin da aka tsince manyan itatuwansa ko gefensa ya bushe yana iya bayyana kore shar a hoto alhali laimar ƙasansa ta ragu, kuma laimar nan ce ke sa funfuna ta saki irinta.