Idan Na'urar Numfashi Ta Yi Ƙara, Me Za Ki Yi?



Duk wadda ta taɓa jinyar ɗa ko miji a ɗakin kulawa ta musamman ta san yadda gaba ke faɗuwa idan na'urar taimaka wa numfashi ta fara ƙara. To uwargida, ba kowace ƙara ce ke nufin rai na cikin haɗari ba. Tari kaɗai kan sa ta yi kuka, haka ma idan majina ta taru a bututun, ko maras lafiya ya cije shi, ko ya lanƙwashe. Amma akwai wadda ba a wasa da ita, kamar idan bututun ya cire, ko wuta ta ɗauke batir ya kusa ƙarewa.

Matsalar ita ce ƙararrakin sun yi yawa. A shekarar 2013, hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci a Amurka ta ce kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarar na'urorin asibiti ba sa buƙatar a yi wa maras lafiya komai. Nas ɗin da ke jin ɗaruruwansu kullum, dole kunnenta ya saba, har wata rana ta gaske ta wuce ta. Hukumar ta samu rahoton mutum 80 da suka rasu tsakanin 2009 da 2012 sakamakon matsalolin da suka shafi wannan ƙara.

Saboda haka ke ma kina da rawar takawa. Idan na'ura ta yi ƙara, fara duban maras lafiyarki kafin allon. Ƙirjinsa na ɗagawa? Leɓɓansa sun canza launi? Bututun na nan a haɗe? A yawancin na'urori jar fitila na nufin gaggawa, ruwan ɗorawa kuma a duba ba da jimawa ba.

Kada ki taɓa maɓallin kashe ƙara don yaro ya samu barci. Shiru zai yi, amma abin da ya jawo ƙarar yana nan. Ki kira nas, idan ja ce kuma ba wanda ya zo, ɗaga murya, babu kunya a nan. Tun ranar farko ki tambaye ta: "Sista, wace ƙara ce zan kira ki a kai nan take?" Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.