Kafin Ki Taɓa Hoton Yaro, Ki Ajiye Na Asali



Duk uwar da ke Kurawa ko ƙauyukan Sabon Birni da Isa ta san zuwa asibiti yanzu sai an yi shawara. Ga tsadar mota, ga fargabar hanya. Shi ya sa da yaro ya tashi da ƙuraje ko kumburi, abin da ake fara yi shi ne a ɗauki hotonsa a tura wa wata ma'aikaciyar jinya ta WhatsApp. Ni ma irin waɗannan hotuna ba sa yanke mini. Sai dai da yawa suna isowa an riga an yi musu kwalliya: an ƙara haske, an goge fata ta yi sumul, an yanke gefe. Mu kuwa launin nan da aka gyara shi muke nema. Rawayar idon jariri ita ke nuna shawara, farin tafin hannu ke nuna ƙarancin jini, yanayin ƙuraje kuma ke taimakawa a bambanta ƙyanda da ƙarambau. Da na ce a turo na asali, amsar takan zama, “Anti, ai shi ke nan, ya ƙi komawa.”

To bari ki ji yadda komawar take, 'yar'uwa. Idan kina gyaran hoto za ki ga wata 'yar kibiya mai lanƙwasa zuwa baya. Duk abin da kika yi, manhajar tana jera shi ɗaya bisa ɗaya kamar kwanukan jere, kibiyar kuma na saman take ɗaukewa. Ba ta zaro na tsakiya. In gyara na biyu kike son cirewa alhali kin yi biyar, sai kin sauke ukun da ke kansa tukuna. In kuma kika koma baya kika yi wani sabon gyara, waɗancan da kika sauke sun tafi ke nan. A yawancin manhajoji wannan jeri yana nan ne muddin ba ki fita ba. Kina adanawa ki rufe, ya ɓace.

Akwai waɗanda suka fi haka kirki. Google Photos da ma'ajiyar hotuna ta iPhone da ta sababbin Samsung suna ɓoye hoton asali a ƙarƙashin wanda kika gyara, ko bayan wata guda ne za ki iya shiga wurin gyara ki danna “Revert” ya dawo yadda aka ɗauke shi. Snapseed ma yana nuna miki jerin matakan, ki goge wanda ba ki so ki bar sauran. Amma kada ki dogara da haka sai kin gwada wayarki. Ɗauki hoton tukunya, ki gyara, ki adana, ki rufe, sannan ki dawo ki ga ko zai koma. In ya ƙi, daga yau “Save copy” za ki riƙa zaɓa, ki samu hotuna biyu maimakon ɗaya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gyaran da kyamara ke yi da kanta. Yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannunmu suna da tsarin ƙawata fuska, musamman a kyamarar gaba. In yana kunne, fatar tana gogewa ne tun lokacin ɗauka, don haka babu wani na asali da za a koma gare shi. Ki kashe shi, ki yi amfani da kyamarar baya, ki fito da yaro bakin ƙofa inda hasken rana yake, kada ki kunna fitilar waya. Wajen turawa kuma, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi. In akwai sabis da data, ki tura shi ta ɓangaren takardu ya isa yadda yake. Wadda kika tura wa ba ta da kibiyarki, abin da ya isa gare ta shi ke nan. Kuma hoto shawara kawai yake bayarwa: jaririn da idonsa ya yi rawaya a kwanakin farko, ko ya ƙi kama nono, asibiti za a kai shi ba tare da jiran amsa ba.

Wannan ajiya tana da wata fuskar da ba a cika tunawa ba. In waya na iya dawo miki da na asali, za ta dawo da shi ga duk wanda ta faɗa hannunsa. Kin yanke hoto don kada a ga kanki ba ɗankwali, ko tsiraicin yaro, ko lambar NIN a jikin takarda, sai ki ɗauka ya tafi, alhali yana nan a ƙasa. A shekarar 2023 har an gano cewa hotunan allo da aka yanke a wayoyin Pixel ana iya dawo da wani ɓangare na abin da aka cire, ko bayan an tura su, kafin Google ta toshe kafar. Shafa alƙalami mai shara-shara a kan lamba ma ba rufi ba ne, ƙara haske kaɗan na iya fito da ita.

In za ki rufe abu, ki sa baƙin tabo mai kauri, ki ɗauki hoton allo na wanda kika rufe, shi za ki tura. Kafin ki ba mai caji ko mai gyara wayarki, ki sa mata makulli. Hoton da ba ki so a gani kuwa, bayan kin goge shi ki leƙa kwandon shara na ma'ajiyar, domin yawancin wayoyi suna riƙe shi a can kusan kwana 30 kafin ya fita gaba ɗaya.