Shaida a Kan Hular Kwano

Idan tirela ta ture mai babur tsakanin Yelwa da Kwantagora, bakin direba kawai ake ji, domin mai babur yana kwance a asibiti. Amfanin kyamarar hular kwano ke nan: ta ba da shaida a madadinsa. Da wannan ma'auni ya kamata a zaɓe ta.

Saboda haka kada sunan GoPro ko alƙawarin 4K ya ruɗe ka. A zafin watan Afrilu na bakin tafkin Kainji, ɗaukar 4K kan zafafa kyamara har ta kashe kanta. 1080p ya isa ya nuna lambar mota da rana. Nemi mai jure ƙura da ruwa, mai goge tsohon hoto idan katinta ya cika, wadda batirinta zai kai ka gida.

Manna ta a haɓar hular, kada ka huda kwanon, don huji yana raunana shi.

Wanda kuwa ba shi da hular, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sawa tun Janairun 2009, ita zai fara saya. Kyamara ba ta kare ƙoƙon kai.