Tsohuwar riga ta miliyan 24: mu ina namu kayan tarihi?



A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake bugun ƙwallo da kulki. Kayan tunawa da 'yan wasansa sun zama babbar sana'a. A 2022 an sayar da wani ɗan kati na 1952 mai hoton Mickey Mantle a kan dalar Amurka miliyan 12.6. A 2024 rigar da Babe Ruth ya sa a 1932 ta haura miliyan 24. Ƙananan 'yan kasuwa kuma na cin abinci da huluna da kofuna.

To, me ya ba kwali da tsumma wannan daraja? Shaida ce. Kamfani irin PSA yana duba kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10. Bayan an kama masu jabun sa hannu, tun 2001 hukumar wasan, MLB, take liƙa tambarinta a kan kayan da wakilinta ya ga an yi wasa da su.

Mu fa? Muna da kokowa. Tun 1975 Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko a Tahoua. Ina hotunan? Ina walkin? Gara na ci muna kallo.

Matasa, ga sana'a. Ku fara da riguna da kalanda. Ku nemi izinin ɗan kokowa, ku ba shi kasonsa, ku rubuta shekara da fili. Amma ku kiyayi jabu, don kifi ɗaya in ya ruɓe yakan ɓata kwando.

Allah ya sa mu dace.