Doguwar Sandar Legas Da Guntuwar Sandar Kano

Akwai wani hoto da na tabbata duk mai karanta wannan shafin ya taɓa cin karo da shi, ko a Facebook ko a WhatsApp. Jerin jihohi 36 ne da Abuja, kowace an ja mata sanda daidai da kuɗin harajin VAT da aka ce ta kawo. Sandar Legas ta miƙe tun daga wannan gefe har wancan, sai ta Ribas tana biye daga nesa. Kano kuwa sai ka zura ido kafin ka hango ta, su Jigawa da Zamfara kamar ɗigon tawada. A ƙarƙashin hoton akwai wata 'yar magana da ake maƙalawa, wadda ma'anarta a taƙaice ita ce: ga cima-zaune nan.

Ɗan yayata ne ya fara nuna min shi, muna zaune bayan sallar isha'i a ƙarshen 2024, lokacin da rigimar ƙudirorin gyaran haraji ta yi zafi. Yaro ne mai ilimi, ya gama jami'a, ba ya wasa da karatu. Ya miƙo min waya ya ce, "Kawu, wannan fa ba zagi ba ne, lissafi ne. Me za mu ce?" Wallahi a daren nan ban iya ce masa komai ba. Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Da a ce wani ne ya tsaya ya ce min Kano ba ta tsinana komai, da na yi ta musu da shi har asuba. Amma da aka zana min, sai bakina ya mutu. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a nan ne ƙarfin irin wannan aikin jarida yake, a nan ne kuma haɗarinsa yake.

Kada a fahimce ni a baibai. Ni ba na cikin masu ƙyamar zanen alƙaluma. Tun da BudgIT ta fara aiki a Legas a 2011, tana ɗauko kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka tana mayar da shi hoto ɗaya da ɗan sakandare zai gane, talaka ya samu makamin da bai taɓa riƙewa ba. Daga baya suka fito da Tracka, wadda ke bin ayyukan mazaɓu unguwa-unguwa a ga ko an yi ko an cinye. Da can sai ɗan majalisa ya ga dama yake gaya maka abin da aka ware wa mazaɓarka. Yanzu yana cikin wayarka. Wannan alheri ne, wanda duk ya ce ba haka ba, a binciki aljihunsa.

To amma da na zauna na bi diddigin wancan hoton na VAT, sai na gane abin da sandar ke aunawa daban, abin da ake cewa tana aunawa daban. A tsarin da ake kai a lokacin, ana rubuta harajin ne da sunan jihar da kamfani ya biya shi, wato inda hedikwatarsa take. Ka ɗauki kanka. Ka sayi katin waya na MTN a Farm Centre, ka biya harajin kashi 7.5 cikin 100 daga aljihunka, a Kano. Hedikwatar kamfanin tana Legas, don haka a littafi Legas ce ta kawo kuɗin. Uwargida ta sayi Maggi a kasuwar Singa, Legas. Ka sayi buhun simintin Dangote da aka yi a Obajana ta jihar Kogi, ka yi gini da shi a Rijiyar Zaki, Legas. Harajin da ke kan cajin da banki ke cire maka, yawancinsa can yake tafiya, tun da manyan bankunan can suka kafa hedikwata. Ashe wani yanki na doguwar sandar nan da kuɗinmu aka ja shi.

Ba ni na ƙago wannan ba. Shi kansa Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran harajin, ya sha bayyana cewa tsohon tsarin yana fifita jihohin da ke da hedikwatar kamfanoni, kuma yana cikin hujjojinsa na neman a koma lissafi da inda aka yi amfani da kaya. Wato wanda muke ganin yana wancan ɓangaren ma ya san sandar ba ta faɗin gaskiya duka. Masu yaɗa hoton ne kawai ba su damu su sani ba.

Sannan akwai abu na biyu, wanda ya fi ba ni haushi. Doka ta cire kayan abinci na yau da kullum daga wannan haraji, kuma kayan da ake fitarwa waje ba a ɗora masu shi. Yanzu ka je Dawanau ka tsaya da safe. Tireloli a jere, masara, gero, dawa, wake, riɗi, zoɓorodo, citta, ana lodi zuwa kudu, zuwa Nijar, zuwa tashar jiragen ruwa. 'Yan dako kaɗai da ke cin abinci a wurin sun isa su cika ƙaramin gari. Kasuwar hatsi ce da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. A kan wancan zanen kuwa kusan babu ita, ba don ba ta aiki ba, sai don abin da take sayarwa ba ya cikin abin da ake ƙirgawa. Haka 'Yan Kaba, haka 'Yan Lemo, haka kasuwar shanu ta Wudil. Mutumin da ya ci tuwo a Ikeja da masarar da ta bi ta Dawanau, shi ne zai ɗauki waya ya tura min hoton cewa ba na kawo komai.

Irin wannan ce take faruwa da jadawalin kuɗin shiga na jihohi da ake fitarwa duk shekara. Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi daga harajin albashi yake fitowa. Garin da ya tara ma'aikatan banki da na kamfanoni dole ya yi sama. Garin da arzikinsa ke hannun ɗan kasuwar Kwari mai yara goma a shago, ba takardar albashi, ba komai sai amana da littafin bashi, dole ya zauna ƙasa. In kuma aka ce za a raba da yawan jama'a a fitar da na kowane mutum, sai ka tambaya: wane yawan? Ƙidaya ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, inda aka ba Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Legas ɗin ma ta ce ba ta yarda ba. Wadda aka shirya yi a 2023 aka ɗage. Duk abin da ake rabawa da shi tun lokacin hasashe ne a kan hasashe.

Gwamnati ma ta iya wannan wasan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 sai ga sabon adadi, kashi 4.1. Ba masana'anta aka buɗe ba, ma'auni aka sauya: wanda ya yi aikin awa ɗaya a cikin mako yanzu mai aiki ne. Hukumar ba ta ɓoye ba, ta yi bayani, ta ce tsarin da duniya ke bi ne. Amma ka haɗa lambobin nan biyu a layi ɗaya ba tare da bayanin ba, ka ga layi ya gangaro kamar an yi abin al'ajabi. Haka hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disambar 2024, kashi 24.48 a Janairun 2025, wata ɗaya tsakani, saboda an sauya shekarar da ake gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Na ga masu yaɗa wannan suna murna, na ce Allah sarki, ko sun je cefane a watan?

Sai dai fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nan ne nake so 'yan'uwa su yi haƙuri da ni.

Ko da an gyara lissafin VAT tsaf, an mayar wa kowa abin da ya saya, Legas za ta ci gaba da zama a gaba, da tazara mai yawa. Tana da tashoshin jiragen ruwa, tana da masana'antu masu aiki, mutanenta sun fi namu kuɗin kashewa. Mu kuwa ka zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ka ƙirga ƙofofin da ke rufe da kwaɗo. Wannan ba mai zane ne ya rufe su ba. Kuma a Nuwamban 2022 da NBS ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya duba lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli ba kuɗi kaɗai ba, ta ce mutum miliyan 133 ne ke ciki, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, Sakkwato tana kan gaba da kashi 91 cikin 100. Taswirar da aka zana da wannan rahoto ta yi duhu a samanta, ta yi haske a ƙasanta. Na bi ta kamar yadda na bi ta VAT, ina neman inda zan kama ta da ƙarya. Ban samu ba. Yaron da ba ya zuwa makaranta a ƙauyenmu ba a Legas aka rubuta sunansa ba, yana nan inda yake.

Abin da nake gani a tsakaninmu, mu masu rubutu da jayayya a soshiyal midiya, shi ne kowa ya mayar da zane sandar dukan abokin hamayya. In hoto ya nuna gwamnan da ba namu ba ya gaza, minti biyar ya zaga duk zaurukanmu, ba wanda zai tambayi daga ina aka samo shi, wace shekara ce, me aka ƙirga. In ya taɓa namu, sai a ce aikin 'yan kudu ne, ko an biya su. Na yi wannan da hannuna, ba sau ɗaya ba. Akwai wani jadawali da na taɓa turawa don ya yi min daɗi, daga baya wani ƙanena ya nuna min alƙaluman shekaru uku baya ne aka sauya wa kwanan wata. Na goge shi shiru, ban ba kowa haƙuri ba. Yau dai na faɗa.

Ka lura kuma da yadda rigimar harajin ta ƙare. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ce ba su yarda ba, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka sauko daga kashi 60 da aka so a ba wa tushen haraji zuwa kashi 30, aka kuma ɗaura shi a kan inda aka yi amfani da kaya, aka sa hannu a Yunin 2025. To, an ce inda aka yi amfani da kaya. Wa zai ƙirga? Wa ke da lissafin katin wayar da ake saya a Kano, ko simintin da ake saukewa, ko lemon kwalba da ake sha? In ba mu da namu lissafin, duk abin da aka kawo mana shi za mu karɓa, mu dawo muna kuka a Facebook. A watannin da aka yi ana rigimar nan, na ga jawabai da yawa daga wajenmu, na ga zafin rai, na ga wa'azi. Zane ɗaya tak mai kyau, da Hausa, wanda ya nuna wa talaka yadda kuɗin katinsa ke tafiya Legas, ban ci karo da shi ba. Muna da jami'o'i, muna da yara masu iya kwamfuta da ke zana fastar 'yan takara cikin dare ɗaya. Ba iyawa ce babu ba.

Wani kamfanin bincike a Legas, SBM Intelligence, ya daɗe yana fitar da abin da suke kira ma'aunin jalof: nawa iyali mai mutum biyar za su kashe su dafa tukunya ɗaya ta dafa-duka. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin kowa ya san tukunya, ba kowa ya san kashi cikin ɗari ba. Amma gidaje nawa ne a Kurna ko Ɗorayi ke auna rayuwarsu da jalof mai naman talo-talo? Mu tukunyarmu tuwo ce. Kwanon masara, kuɗin niƙa, kuka ko kuɓewa busasshiya, daddawa, manja, barkono, gawayi ko itace. Ka ƙara da kuɗin adaidaita sahu daga gida zuwa kasuwa, da jarkar ruwa ta 'yan garuwa. Wannan shi ne tattalin arzikin birni kamar yadda matar gida ta san shi, kuma ba na jin akwai wanda zai zo daga wani wuri ya rubuta mana shi.

Ni dai na sayi littafi mai layi, na fara. Duk ranar Asabar ina tambayar farashin waɗannan kaya a kasuwar da ke kusa da ni, wajen mutum uku daban-daban, in rubuta da kwanan wata. Tun a makon farko na ci karo da matsala: kwanon wannan ba kwanon wancan ba ne, wani an bubbuge gindinsa, wani yana cikawa har ya yi tozo, wani yana shafewa. In muka haɗa da garuruwan da ke awo da mudu, da waɗanda ke awo da tiya, abin ya ƙara rikicewa. Don haka na nemi ƙaramin sikeli, duk abin da na saya sai na ɗora shi na rubuta nauyinsa. Ɗan yayar nan tawa da ya rufe min baki da waya, shi na ɗora wa zanen, ya ce zai riƙa fitar da shi duk ƙarshen wata, da Hausa, manyan haruffa yadda tsohuwa za ta gani.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, shi kuma ya gindaya min irinsa. In layin ya hau, za mu saka. In ya sauka a lokacin da saukarsa za ta yi wa waɗanda ba ma so daɗi, nan ma za mu saka, a wannan shafin, ba tare da an rage masa tsawo ba. Muna neman mutum ɗaya a kusa da Rimi, ɗaya a Tarauni, ɗaya a Dawanau, in da hali ɗaya a Zariya da ɗaya a Katsina. Wanda zai iya jure tambayar farashi duk Asabar ba tare da ya gaji a wata na biyu ba, ya yi magana a ƙasa, sikelin ni zan saya masa.