'YA'YANMU BA ZAKARAN GWAJIN DAFI BA NE

Jama'a, manoma da makiyaya, iyayenmu maza da mata. Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya ya karanta wa na kusa da shi, don maganar ta shafi kowane gida.

Manyan cikinku ba su manta da bazarar 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙasar Arewa ya kashe dubban mutane. Ana cikin wannan masifa sai kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana na Kano da wani sabon magani mai suna Trovan. Aka ware yara 200, wajen rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka tashi da kurunta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba.

To, me ya biyo baya? Amana ta karye. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a koma ba sai 2004. Kafin nan cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta, yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka gurgunce.

Kada wani ya ce jam'iyyarmu tana gāba da bincike. Sam! Duk ƙwayar da malamin asibiti ya miƙo maka, sai da aka gwada ta a jikin mutane tukuna. Allurar sanƙarau da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, da bincike aka samo ta, a Indiya aka sarrafa ta, kuɗin kowace allura bai wuce rabin dala ba. Ita ce ta karya lagon irin sanƙaraun da ya addabe mu a 1996. Bincike alheri ne. Abin tambaya shi ne, wa ke biya, wa kuma ke sa ido?

Zanen aro ba ya rufe katara. Muddin kuɗin binciken cututtukanmu daga waje yake zuwa, mai kuɗin ne zai zaɓi cutar da za a bincika, likitanmu kuwa nauyin baki zai hana shi cewa a'a. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don kiwon lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. A 2008 aka sake taruwa a Bamako aka ce a ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiya don bincike. Muna da cibiyar bincike a Yaba ta Legas, muna da ta magunguna a Abuja wadda ta fitar da Niprisan, maganin sikila, daga itatuwan ƙasarmu. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba, guzuri ne ya gaza.

Ga abin da jam'iyyarmu za ta yi in Allah ya ba ta nasara:

1. Cikin kowace naira 100 ta kiwon lafiya, za a ware naira 2 don binciken zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da saran maciji, da mutuwar mata wajen haihuwa.

2. Tun 2007 akwai ƙa'idar ƙasa da ta ce ba a gwaji da mutum sai da yardarsa, kuma sai kwamiti ya duba. Za mu ba kwamitocin nan kuɗin aiki daga baitulmali, don kada su ci ladan kuturu. A cikinsu har da malami da ungozoma da wakilin ƙauye.

3. Ba za a sa kowa dangwala yatsa a takardar Turanci ba. A yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a gaban shaida. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, kuma ba za a hana ɗansa magani ba.

4. Wanda gwaji ya cuce shi, a yi jinyarsa kyauta, a biya shi diyya ba sai ya shekara goma yana zaryar kotu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ɗan takarar da ya zo ƙauyenku da atamfa da sabulu, ku tambaye shi nawa zai ware wa binciken lafiya, wa kuma zai tsaya wa ɗan talaka ranar da baƙi suka zo da sabon magani. Ranar zaɓe a fito da wuri, maza da mata, kowa da katinsa, a dangwala wa jam'iyyarmu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.