Fadamar da Ta Tsira a Lekki



Ranar Lahadin da ta wuce na tsere daga rumfar Baba a Mile 12, na ɗauki ƙanena muka tafi gandun dajin nan na Lekki Conservation Centre. Da na gaya wa abokaina a kasuwa dariya suka yi, wai ɗan mai albasa zai biya kuɗi ya je kallon tsuntsu, alhali ga balbela nan tana bin shanu kyauta a gida. To, na je, kuma ina ganin ya kamata mu ma mu riƙa zuwa.

Ƙungiyar NCF mai kare muhalli ce ta kafa wurin a 1990, faɗinsa hekta 78, wani ɓangare fadama wani ɓangare fili. An shimfiɗa hanyar katako a kan ruwa, kana tafe birai na bin ka, in ka yi sakaci da ledarka sun wafce. Akwai gadar sama mai tsawon mita 401 da aka buɗe a 2015, ita ce kowa ke rububin hawa don ɗaukar hoto. Ni ba ita ta burge ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani zalɓe da muka tarar tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, ƙanena ya tambaye ni wai na roba ne? Yaron nan a Ikko aka haife shi, shekararsa goma sha ɗaya, ya san farashin kwandon tumatir amma bai san zalɓe ba, bai san cilakowa ba. Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma a bakin Baba na san sunayensu.

Wani zai ce asara ce a bar fili irin wannan ga birai a unguwar da ƙasa ke da tsada sosai. Ni kuwa cewa nake mu da muka fito daga ƙasar noma mu ne ya kamata mu fi kowa gane amfaninsa. Fadama ita ke shanye ruwa in ya yi yawa. A Lekki an cike fadamun da yashi an dasa benaye, ruwan ina zai je? A Yulin 2017 kowa ya ga yadda motoci suka nutse a titunan Lekki da Victoria Island. Mu ma nan gefen hanyar Ikorodu mun san halin da mutanen Ajegunle da Owode ke shiga duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan. Kuma ba mai bene ne ke fara kwana cikin ruwa ba, maigadinsa ne da ɗan acaɓa da mai shayi, wato mu.

Can gida ma maganar ɗaya ce. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, amma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, manomi da masunci na kuka.

Roƙona ga malaman Islamiyyunmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, in za a kai yara yawon buɗe ido a gwada can ko sau ɗaya. Ku fita da sassafe kafin rana ta yi zafi da cunkoson hanyar Epe, kuma kada yaro ya riƙe ayaba a hannu.